Dusar da Filifin ta zubar

Kafin injin casa ya shiga ƙauyukan Filifin, a turmi ake surfa shinkafa. Taɓarya tana cire ɓuntu, amma ba ta kankare ƙwaya fes, sai jar dusar ta zauna a jiki. Haka talaka ke ci, ba don sanin amfaninta ba.

Da injuna suka yawaita, farar shinkafa ta yi arha, ga kyan gani, ga jure ajiya. Sai cutar beriberi ta biyo baya: ƙafafu su kumbura, jijiyoyi su saki, zuciya ta gaza. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jarirai. Uwa ta ƙoshi da farar shinkafa, nononta kuwa babu sinadarin da yaro ke bukata, sai ya shiɗe a hannunta. A 1910 likitocin sojan Amurka suka sauya wa dakarun Philippine Scouts abinci, aka koma ba su shinkafa mai sauran dusa da wake, cutar ta kusa ɓacewa a barikoki. A Manila kuma wani mai haɗa magani, Manuel Zamora, ya tace dusar ya yi maganin tiki-tiki, ana ɗiga wa jarirai. Wato abin da injin ya zubar, shi aka dawo saye a kwalba.

Robert Williams, wanda ya fara bin sawun sinadarin a Manila, ya harhaɗa shi, wato bitamin B1, a 1936. Shi da Dakta Juan Salcedo suka gwada zuba shi cikin farar shinkafa a lardin Bataan daga 1948, mace-mace suka ragu ƙwarai. Aka yi dokar tilasta hakan a 1952, masu injin suka yi mata kunnen uwar shegu.

Yau damuwar ta koma teɓa da ciwon suga, a ƙasar da ake cin shinkafa safe, rana da dare. Mai dusa ta fi riƙe ciki, sukarinta bai cika hawa jini da gaggawa ba, shi ya sa cibiyar binciken shinkafa ta PhilRice ke ta tallata ta, musamman tun 2013. Ni dai ban ga laifin matar da ta ƙi saye ba. Man da ke cikin dusar yana sa ta yi ɗoyi cikin 'yan watanni, tana cin wuta kafin ta nuna, kuma a manyan kantunan Manila ta fi farar tsada.