Tarihin takunkumi a cikin lakwal

Yau za mu waiwayi wata gardama da ta tashi a duniya tsakanin shekara ta 2020 da ta 2022. Gardamar ita ce: in annoba ta sauka, ya kamata yara da malamansu su rufe baki da hanci cikin aji, ko kuwa a bar su fuska sake? An ga iyaye da malamai suna cacar baki a kanta, an ga gwamnoni a gaban alƙali. Mai karatu zai iya cewa mine ne abin faɗa a kan ɗan ƙyalle? To sai mu koma baya, mu ga inda ƙyallen nan ya samo asali.

Da farko mu dubi sunan. Bahaushe ya san rufe baki tun kaka da kakanni. Sarki yana jan amawali ya rufe bakinsa, a ce kwarjini ne. Buzu yana naɗe fuskarsa da rawani, sai idanu kaɗai ake gani. Lokacin hunturu kowa na kare hancinsa daga ƙura. Amma da korona ta zo, sunan da aka ba ƙyallen likita shi ne takunkumi, wato abin da ake sa ma jaki don kada ya ci amfanin gona, ko kura don kada ta yi cizo. Ke nan rufe baki yana iya zama girma, yana kuma iya zama wulaƙanci, ya danganta da wanda ya rufe da kuma dalilin rufewar. Ku riƙe wannan, za mu sake tarar da shi a gaba.

Mafarin takunkumin likita

A shekara ta 1897, a birnin Breslau wanda yake cikin Jamus a wancan zamani, wani masani mai suna Carl Flügge ya nuna cewa in mutum yana magana ko tari, ƴan ɗige-ɗigen miyau suna fita daga bakinsa ɗauke da ƙwayoyin cuta. A wannan shekarar ce wani likitan fiɗa na birnin, Mikulicz, ya fara ɗaura ƙyalle a bakinsa in zai yi aiki. Nufinsa shi ne ya kare majinyacin da aka buɗe ma ciki. Ba a yi tunanin mutanen gari ba tukuna, balle ƴan lakwal.

Wanda ya fito da takunkumi daga ɗakin fiɗa zuwa titi shi ne Dakta Wu Lien-teh. A ƙarshen shekara ta 1910 wata annoba ta ɓarke a yankin Manchuria, arewa maso gabashin ƙasar Sin. Kusan duk wanda ta kama sai ya mutu cikin ƴan kwanaki. Gwamnatin Sin ta aika Dakta Wu garin Harbin, yana ɗan shekara 31. Ya buɗe gawar wata mata, ya tarar cutar a huhu take. Sai ya ce lalle ta numfashi take yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ya haɗa takunkumi na auduga da ƙyallen ɗaure rauni, ya sa likitoci da ƴan sanda da masu ɗaukar gawa su ɗaura.

Wani babban likita Bafaranshe mai suna Gérald Mesny bai yarda da maganar yaron likitan nan ba. Ya shiga ɗakin majinyata baki buɗe. Cutar ta kama shi, ya rasu cikin watan Janairu 1911. Da labari ya watsu, kowa a Harbin ya shiga neman takunkumi. Kafin annobar ta lafa ta ci rayuka wajen 60,000. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Annobar mura ta 1918

Shekara bakwai bayan haka, ana ƙarshen yaƙin duniya na farko, wata mura mai tsanani ta game duniya. Masana da yawa sun ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 50. Jirgin ruwa ya kawo ta Firitawun a watan Agusta 1918, daga nan ta bi gaɓar teku da hanyoyin fatauci har ta iso ƙasashenmu.

A wannan annoba ce aka fara tilasta ma talakawan birni guda su sa takunkumi. A San Francisco ta ƙasar Amurka an kafa doka a watan Oktoba 1918. Wanda aka kama baki buɗe sai a ci shi tara, yawanci dalar Amurka 5, wasu har gidan kaso. Magajin garin kansa, James Rolph, an ɗauki hotonsa a wurin dambe babu takunkumi a fuskarsa, shi ma ya biya tara. Ran 21 ga Nuwamba aka ɗage dokar, mutane suka yi ta watsar da ƙyallayensu bisa titi don murna. Amma cutar ta dawo, dokar ita ma ta dawo a watan Janairu 1919. Nan fa aka kafa ƙungiyar masu adawa da takunkumi, suka yi babban taro. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, wai ƙyallen ba ya hana komi. Ta biyu, wai hukuma ba ta da ikon taɓa fuskar ɗan ƙasa. Ran 1 ga Fabrairu aka soke dokar.

A wancan lokacin babbar tambaya game da lakwal ita ce rufewa ko buɗewa. Yawancin biranen Amurka sun rufe. New York da Chicago suka ƙi. Shugaban kiwon lafiya na New York, Dakta Royal Copeland, ya ga cewa ɗiyan talakawa suna kwana cunkushe cikin ƙananan ɗakuna, don haka gara su wuni cikin aji mai tsabta inda malami zai lura da wanda ya fara zazzaɓi.

Ƙasar Japan kuwa ta karɓi takunkumi a annobar nan, ba ta kuma sake shi ba. Ya zama al'ada: mai mura shi ke rufe bakinsa don kada ya cuci na kusa da shi. A lakwal ɗinsu, yaran da layi ya zo kansu na raba abincin rana suna sa farar riga da hula da takunkumi. Shi ya sa da korona ta zo, abin bai zame musu baƙo ba.

Korona ta shiga aji

A farkon shekara ta 2020 cutar korona ta bazu, kusan duk ƙasashen duniya suka rufe makarantu. A nan Nijar an samu mutum na farko mai ɗauke da ita a Yamai ran 19 ga Maris. Kashegari makarantu suka rufe, ba a koma ba sai ran 1 ga Yuni. Da aka zo komawa, ko'ina tambaya ɗaya ce: da wane sharaɗi?

A watan Agusta 2020 ƙungiyar lafiya ta duniya OMS tare da UNICEF suka ba da shawara. Yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa, kada a tilasta masa. Daga 6 zuwa 11, a dubi ƙarfin cutar a garin da kuma ko akwai babba mai lura da shi. Daga 12 zuwa sama, ya yi kamar manya. Shawara ce ba doka ba, don haka kowace ƙasa ta bi tata hanya.

Faransa ta tilasta ma malamai da ƴan kwaleji tun komawar watan Satumba 2020. Daga 2 ga Nuwamba ta haɗa da ƴan shekara 6, ba ta ɗage gaba ɗaya ba sai 14 ga Maris 2022. Ingila ta sa ma ƴan sakandare na wasu makwanni a 2021 da kuma Janairu 2022, amma ba ta taɓa neman ƴan firamare su sa cikin aji ba. Suwidin ta bar ƙananan yaranta suna zuwa lakwal ba takunkumi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuwa, wato CDC, ta ba da shawarar a sa tun daga shekara 2.

A Amurka ɗin ne wuta ta fi ruruwa, don maganar ta shiga siyasa. A ƙarshen Yuli 2021 CDC ta ce kowa ya sa takunkumi cikin lakwal, ko an yi masa rigakafi ko ba a yi ba. Cikin satin nan gwamnan Texas, Greg Abbott, da na Florida, Ron DeSantis, suka fitar da umurnin hana makarantu tilasta ma yara. Suka ce zaɓi na iyaye ne. Wasu gundumomi suka yi kunnen ƙashi. A Florida gwamnati ta riƙe ma gundumomin Broward da Alachua kuɗi daidai da albashin ƴan majalisar makarantunsu. Aka yi ta hawa da sauka a kotuna. Hujjojin da aka ji a San Francisco a 1919 su ne aka sake ji, kamar ba a yi shekara ɗari ba.

Abin da kowane ɓangare ya ce

Masu goyon baya suka ce gaskiya ne korona ba ta cika kashe yara ba, amma yaro yana komawa gida wajen kakarsa. Malami kuma babba ne, wani yana da ciwon suga, wani hawan jini, kuma yana wuni cikin ɗaki da numfashin yara da yawa. In malami ya kwanta, aji ya rufe. Suka ce gara karatu da takunkumi da zaman gida ba karatu.

Masu adawa suka ce ƙaramin yaro ba ya iya riƙe takunkumi yadda ya kamata. Yana jan shi, yana tauna shi, ya faɗi ƙasa ya ɗauka ya mayar. Suka ce yaro yana koyon magana da karatu ta kallon bakin babba, yana kuma gane fushi da yabo a fuskar malami. Iyayen kurame suka fi kowa kuka, don ɗiyansu da leɓe suke ji. Wannan kukan ne ya sa Faransa ta nemo ma wasu malamai takunkumi mai tagar roba, wanda ake ganin baki ta cikinsa.

A nan ni ma ina da ta cewa, don koyar da karatu ne aikina. Mai koyar da baƙaƙe ya san bakinsa allo ne. In zan raba ma ɗalibi m da n, sai in ce ya dube ni: a wajen m leɓuna suna haɗuwa, a wajen n ba su haɗuwa. In zan koya u da i, sai ya ga na tsuke baki sannan na baje shi. A 2020, ina koyarwa baki rufe, wani dattijo ya ce mini: Malam, sake faɗi, ban ga abin da ka ce ba. Aka yi dariya, amma gaskiya ya faɗa. Daga ranar muka fitar da tabarmi gindin itace. Nakan ja baya nesa da su, in sauke takunkumin lokacin furta baƙaƙe, in mayar in zan matso duba rubutu.

Mi bincike ya nuna?

An yi babban gwaji a Bangladash, a ƙauyuka 600 da mutum wajen 340,000, aka fitar da sakamako a 2021. Inda aka raba takunkumin likita aka kuma yi wayar da kai, masu kamuwa sun ragu da kimanin kashi 11 cikin 100. Amma manya aka gwada, ba ƴan lakwal ba.

A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen doka ta fara ne daga ƴan shekara 6. Masana suka kwatanta ƴan shekara 5 marasa takunkumi da ƴan shekara 6 masu shi, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba. A wajen birnin Boston na Amurka kuwa, an kwatanta makarantun da suka cire doka a farkon 2022 da waɗanda suka ci gaba. Cikin sati 15, waɗanda suka cire sun samu ƙarin masu kamuwa wajen 45 cikin kowane mutum 1,000.

Ga shi dai sakamakon bai zo ɗaya ba. Dalili kuwa, takunkumi iri-iri ne. Na ƙyallen tela bai kai na likita ba, na likita bai kai mai matse fuska da ake kira N95 ba. Sannan sa doka daban, bin ta daban. Yaran da suka rufe baki cikin aji su ne ke cin abinci kwano ɗaya a waje. Ran 5 ga Mayu 2023 OMS ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, gardamar ta lafa ba tare da wani ya ce an kayar da shi ba.

Darasi gare mu

Ƴan uwa, annobar numfashi ba baƙuwarmu ba ce. Mun san sanƙarau lokacin zafi da ƙura, mun san ƙyanda da tarin fuka. Wata rana za a sake cewa a rufe baki. Tarihin nan ya koya mana mu yi tambaya kafin mu ce i ko a'a. Wace cuta ce, wa ta fi kamawa? Yaran shekarunsu nawa? Wane irin takunkumi, wa zai saya, wa zai wanke? Har yaushe? A ajin da yara suka yi yawa, ga zafi, ga ruwa da nisa, buɗe taga ko fita inuwa ba ya cin ko dala.

Hukuma kuma ta tuna da maganar amawali da takunkumi. Wanda aka zauna da shi aka yi masa bayani, zai rufe bakinsa da hannunsa don kakarsa da malaminsa. Wanda aka ɗaura ma da ƙarfi, zai kwance da an ba da baya. Wannan bayani aikinmu ne, mu da muka iya karatu. A karanta wannan takarda ga waɗanda ba su iya ba tukuna, a tattauna a kanta a cibiyoyinmu. Allah ya kare mu da ɗiyanmu daga annoba, amin.