Me sunayen mastad na Faransa suke nufi?

Duk kwalbar mastad ta Faransa da ka hango ƙwayoyi a cikinta, za ka tarar an rubuta mata moutarde à l'ancienne, wato "irin na da". Ba wai ya daɗe a ajiye ba ne, ko kuma wani tsohon gida ne ya haɗa shi. Yanayin niƙan kawai sunan yake faɗa: an jiƙa ƙwayar, an ɓarza ta, ba a tace ba, dusarta na ciki. Shi ya sa bai kai mai laushin hawa hanci ba, domin yajin ba ya tashi sai ƙwayar ta fashe ta haɗu da ruwa.

Ita kanta moutarde asalinta ba sunan tsiron ba ce. Daga moût ta fito, sabon ruwan inabi da ake kwaɓa ƙwayar da shi a zamanin da. Tsiron kuwa sénevé ake ce masa, amma a bakin yawancin mutane mahaɗin ya riga ya ƙwace sunan.

Inda abin ya fi damuna shi ne Dijon. Mai saye yana zaton gonakin wannan birni na yankin Burgoñ yake taimaka wa, alhali dokar Faransa ta 1937 hanyar sarrafawa ta ɗaura wa sunan, ba gari ba. Kowa na iya yin nasa a ko'ina, muddin ya niƙa ya tace yadda aka tsara. Kafin 2022, mafi yawan ƙwayar ma daga Kanada ake kawo ta. Asiri ya tonu a 2022, bayan farin da ya ƙone gonakin Kanada a 2021: shagunan Faransa suka wayi gari babu mastad, mutane suna mamakin yadda fari a wata nahiya ya hana su abin da suke kira nasu.

Sunan da ke da ƙasa a bayansa shi ne Moutarde de Bourgogne, wanda Tarayyar Turai ta ba kariya a 2009. Dole a noma ƙwayar a yankin, a kuma sarrafa ta a can. Ni a ganina wannan ne ya kamata a yi wa Dijon tun farko, da manoman yankin ba su bar noman mastad har ya kusa ɓacewa ba. Sai dai da farar giyar inabin yankin ake kwaɓa Moutarde de Bourgogne, don haka mai gudun giya ya karanta bayan kwalba kafin ya biya kuɗi.