Keken Kashe Gobara

Keken kashe gobara wani nau'in keke ne da 'yan kwana-kwana suka yi amfani da shi a wasu ƙasashen Turai daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon ƙarni na 20. Ya samu shiga bayan John Kemp Starley ya fito da keken Rover a birnin Coventry na Ingila a 1885, sannan John Boyd Dunlop ya kawo tayar iska a 1888.

A lokacin, dawakai ne ke jan injin feshin ruwa mai aiki da tururi. Kafin a ɗaura musu kaya kuma tukunyar injin ta yi tururi, wuta ta ci wuri. Mai keke kuwa hawa kawai zai yi, ya kurɗa ta lunguna.

Wanda ya fi shahara shi ne wanda ake dangantawa da kamfanin BSA na Birmingham, ƙirar wajen 1905, domin ma'aikatan kashe gobara na masana'antu. Abin burgewa a jikinsa shi ne firam ɗin: an lanƙwasa tsakiyarsa ya zama da'ira, inda ake naɗe mesar ruwa ba tare da ta hana tuƙi ba. Sauran kayan sun haɗa da bakin mesa, da gatari, da ƙarfen ɓalle ƙofa, da jiniya, da hular kwano.

Rauninsa a fili yake. Ba ya ɗaukar ruwa, sai an jona mesar da famfo a wurin gobarar. Da motocin kashe gobara suka yaɗu, aka daina yayinsa. 'Yan kaɗan da suka rage suna gidajen tarihi da hannun masu tara tsofaffin kayayyaki.