Kusheyin Durɓawa da Abin da Ƙasa ta Adana

Kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, akwai wasu tsibin ƙasa da baƙo zai iya wucewa bai waiwaya ba. Wurin shi ne Durɓi ta Kusheyi. Bisa tarihin baka, a nan aka binne sarakunan Durɓawa, tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Muhammadu Korau ya karɓe mulki daga hannunsa a ƙarni na 15.

Na isa wurin da rani, bayan na kammala digiri, ina ɗauke da hotunan da na gani a littattafai. Na yi karatu a kan da'irorin duwatsu na Wassu a Gambiya da na Sine Ngayene a Senegal, inda mutanen dā suka sassaƙa marmara suka kafa ta a tsaye kewaye da mamatansu, har UNESCO ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 2006. Durɓawa ba su kafa dutse ba. Ƙasa suka tara, ita kuwa ƙasa ruwan sama yana cin ta kowace damina.

Ni da na tashi a Ƙauyen Alu, kabarin da na sani shi ne irin na maƙabartar Tarauni: likkafani, itace, ƙasa, babu bambanci tsakanin attajiri da almajiri. Saboda haka na daɗe a tsaye ina ƙoƙarin fahimtar mutanen da suka ga ya dace sarki ya tafi da kayan adonsa.

A 1907 jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya haƙa wasu daga cikin kusheyin, da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko, wanda shi kansa ya riƙe sarautar Durɓi kafin ya hau gadon Katsina. Abin da aka tono a wannan karon ya salwanta. A ganina wannan ya fi zaizayar ƙasa muni, domin kabarin da aka buɗe ba ya sake rufuwa yadda yake, kuma haƙan da ba a rubuta shi dalla-dalla ba ɓarna ce kawai. Sai a 1992 masana daga Jamus suka sake haƙa uku. A tsakiyar kowanne an sami mutum ɗaya, tare da wuri, duwatsun ado na gilashi, mundaye, hauren giwa da 'yan kunne na zinariya. Bincike ya nuna an yi waɗannan binne-binne tsakanin ƙarni na 13 da na 16.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata tasa ta ƙarfe da aka ƙera a Gabas ta Tsakiya, wadda ta fito daga kabarin da ya fi sauran kusa da zamaninmu. Sai da ta ƙetare Sahara a ayarin raƙuma, ta bi hannun fatake Musulmi, sannan ta kwanta kusa da mamacin da aka binne bisa al'adar kakanninsa. Mun saba jin labarin kamar dare ɗaya aka yi: Korau ya kada Sanau, tsafi ya kau, Musulunci ya zauna. Tasar tana nuna cewa an daɗe ana cuɗanya, kasuwa ta riga fada karɓar sabon zamani, kuma tsohuwar al'ada ba ta mutu ranar da mulki ya sauya hannu ba. Wannan ya yi daidai da abin da Yusufu Bala Usman ya nace a kai, cewa sauyin Katsina ya faru ne sannu a hankali, daga cikin al'ummar kanta.

An kai kayan birnin Mainz na Jamus domin gyara da adanawa, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Kusheyin kuwa, waɗanda aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa tun 1959, suna nan a tsakiyar gonaki, kukoki na yi musu inuwa.