Makka Da Ilmin Tafiyar Da Jama'a: Jarrabawar Da Ba A Yi A Ɗaki

A yawancin jami'o'in duniya, ɗalibin da ke neman babban digiri a fannin aikin mulki yakan rubuta kundin bincike, sa'an nan ya zauna gaban malamai uku ko huɗu su yi masa tambayoyi. In sun gamsu, ya ci. To, amma a Makka wannan ilmi yana da wata jarrabawa dabam, wadda ake yi sau ɗaya a shekara, cikin kwana biyar ko shida na watan Zulhajji, kuma sakamakonta rayukan mutane ne.

Kula da alhazai tsohon aiki ne. Tun kafin zuwan Musulunci Ƙuraishawa suka raba wa gidajensu muƙamai, wasu suna shayar da baƙi, wasu suna ciyar da su. A zamanin Abbasiyawa, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka jawo ruwa daga duwatsu zuwa Arfa da Makka. Daga baya aka sami muɗawwifai, watau masu yi wa alhazai jagora, waɗanda suke gadon sana'ar daga iyaye da kakanni. Duk wannan sani ne na gado da gogewa, ba a karanta shi a aji.

Jirgin sama shi ya sauya al'amarin. A 1950 alhazan da suka zo daga wajen Sa'udiyya ba su fi kamar 100,000 ba, amma a 1974 sun haura 900,000. Kwarin Mina kuwa bai ƙara faɗi ba. A watan Disamba na 1975 gobara ta tashi a tantunan Mina, mutum wajen 200 suka rasu. A wannan shekara ce wani masanin zanen gine-gine haifaffen Makka, Sami Angawi, ya kafa Cibiyar Binciken Aikin Hajji a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda. Ya tara injiniyoyi da masana lissafi da masu nazarin halayyar jama'a, suka shiga ƙidayar mutane da motoci, suna ɗaukar hotuna daga sama don su ga inda cunkoso ke farawa. Ɗaya daga cikinsu, Ziauddin Sardar, har tattaki ya yi da jaki daga Jidda zuwa Makka domin ya gane yadda tafiyar take a da. Babbar shawararsu ita ce a rage motoci, a ba masu tafiya a ƙasa hanyoyinsu. Ba a karɓi shawarwarin duka ba, amma an kafa wani tushe: aikin Hajji abu ne da za a iya aunawa, a rubuta, a kuma koyar.

Makka kanta tana da tsohuwar alaƙa da ilmi mai zurfi. A nan aka buɗe Kwalejin Shari'a a 1949, wadda ita ce makarantar gaba da sakandare ta farko a ƙasar. Daga gare ta Jami'ar Ummul Ƙura ta tsiro a 1981, kuma ba da daɗewa ba aka mayar da cibiyar binciken ƙarƙashinta. Daga bisani aka ɗaga darajarta, aka sa mata sunan Mai Hidimar Masallatai Biyu Masu Alfarma. Ta haka binciken ya dawo bakin filin da ake gwada shi.

Filin kuwa bai yi sassauci ba. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsin ramin Mu'aisim. A 1997 wata gobarar ta ci rayuka fiye da 300 a Mina, abin da ya sa aka kafa tantunan da wuta ba ta ci. A wurin jifan Shaiɗan an rasa mutum 251 a 2004, da wajen 345 a watan Janairu na 2006.

A nan ne amfanin dogon nazari ya bayyana. Wani Baturen Birtaniya, Keith Still, wanda ya sami digirin dakta a Jami'ar Warwick a 2000 kan yadda taron jama'a ke motsi, yana cikin waɗanda aka nemi shawararsu a kan gadar jifa. Wani shehun malami Bajamushe, Dirk Helbing, shi da abokan aikinsa suka bi hotunan bidiyo na hatsarin 2006 daki-daki. Suka gano cewa ba firgita ce ke kashe mutane ba. In taro ya matsu, tafiyarsa takan koma a tsaya a tafi, daga nan sai ya fara tangaɗi kamar ruwa, mutum ba ya da iko da ƙafarsa. Kuma alamun suna bayyana mintoci da dama kafin a fara faɗuwa. Aka rushe tsohuwar gada, aka gina sabuwa mai hawa biyar, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka tsara wa kowane rukunin alhazai lokacin jifansa. Tun daga nan ba a sake ganin irin wancan bala'i a kan gadar ba.

Amma fa wanda ya ci jarrabawar bara bai ci ta bana ba. A 2015 ayari biyu suka yi karo a wata mararraba a Mina, nesa da gadar. Hukumomin Sa'udiyya suka ce mutum 769 ne suka rasu, lissafin da aka tattara daga ƙasashe kuwa ya haura 2,000, cikinsu har da 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da yawa. A 2024 zafin rana ne ya yi ɓarna: mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, saboda haka ba su da tanti mai sanyi ko motar hukuma. Watau tsari yana kare wanda sunansa ke cikin rajista, ya bar wanda ba ya ciki.

Darasin bai tsaya a Makka ba, domin tsarin yana farawa tun daga Kano ko Maraɗi. Tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da kason alhaji 1,000 ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. Nijeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sa'an nan ta sake kafa wata da sabuwar doka a 2006. Jami'in da ya rubuta sunan maniyyaci daidai, ya koya masa lokacin jifansa, ya san tantinsa, shi ma yana cikin masu amsa tambayoyin wannan jarrabawa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Tarihin shekara hamsin na binciken Hajji ya nuna cewa an fi sauraron masana bayan an yi jana'iza. Saboda haka ba a auna ilmin tafiyar da jama'a da kaurin kundi ko girman takardar shaida. Ma'auninsa shi ne tsohuwar da ta tara kuɗinta shekara ashirin ta je ta yi jifa, ta komo gida lafiya a kira ta Hajiya.