Tarihin Sautin Kewaye: Lasifika Biyar, Murya Ɗaya

Mai karatu, in ka shiga gidan kallo a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, ko ɗakin amaryar da aka saka wa hom tiyata cikin kayan jere, ka duba inda aka ajiye lasifikokin. Sau tari za ka gan su su biyar reras a kan kanta ɗaya, babban akwatin mai gurnani yana ƙasa, an ƙure murya har kwanon rufi na rawa. To, waɗanda suka ƙera su ba don ƙara suka yi su biyar ba. Kowace tana da mazauninta, kuma an shekara fiye da ɗari kafin a gano mazaunin nan.

Asalin abin daga kunnenka ne. Idan ƙara ta taso daga dama, tana riga isa kunnen dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, sannan kanka yana tare wani abu daga cikinta kafin ta kai kunnen hagu. Da wannan ɗan bambanci ne kake gane masallacin da ya fara kiran assalatu kana kwance cikin duhu. Duk tarihin da zan ba ka ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan baiwa da Allah Ya yi mana.

A 1881, a birnin Paris na Faransa, Clément Ader ya jera makirfo a hagu da daman dandamalin wasa, ya ja waya zuwa wani gini. Mai saurare ya kara abin ji ɗaya a kowane kunne, sai ya riƙa jin mawaƙi na tafiya daga gefe zuwa gefe. A 1931 kuma Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, ya yi rajistar fasahar da muke kira sitiriyo, wato sauti mai hanya biyu. Burinsa shi ne muryar ɗan wasa ta bi shi duk inda ya nufa a kan allo.

Amurkawa ne suka kai abin bayan ɗan kallo. Fim ɗin Fantasia na Disney, a 1940, ya zo da lasifikoki kewaye da zauren kallo, amma tsada ta sa gidajen sinima kaɗan ne suka iya ɗauka. Da talbijin ta fara kwashe masu kallo, sai aka fito da Cinerama mai hanyar sauti 7 a 1952, da CinemaScope mai hanya 4 a 1953. Kamfanin Dolby ya sauƙaƙa kuɗin abin, Star Wars na 1977 ya yayata shi. A Apocalypse Now na 1979, Walter Murch ya sa jirage masu saukar ungulu suna zagaya kan 'yan kallo, kuma tsarin da ya bi shi ne tushen abin da ake kira 5.1. An mayar da shi na dijital a Batman Returns a 1992, DTS ya biyo baya da Jurassic Park a 1993. A 2012 Dolby Atmos ya zo da fim ɗin Brave, aka ƙara lasifikoki har a rufi.

Mece ce 5.1? Lasifika ɗaya a tsakiya, daidai allo, ita ke ɗauke da magana. Biyu a gaba, hagu da dama, kowace ta karkata digiri 30 daga tsakiya. Biyu can gefe ta bayan kafaɗarka, wajen digiri 110, su ne na iska da ruwan sama da hayaniyar kasuwa. Ɗigo ɗayan kuwa shi ne babban akwatin, mai fitar da rugugi irin na aradu. Shi kaɗai za ka iya turawa lungu, don kunne ba ya saurin gane inda sauti mai kauri ya fito.

To, mu a nan fa? Mu ta wata ƙofa fim ya shigo mana. Majigin Turawan mulki mota ce da lasifika, mai fassara yana bayani a fili. Sinimar Rex da aka buɗe a Kano a 1937, da Palace a 1951, da yawancin waɗanda suka biyo su, ba su da rufi. Sautin daga wajen allo yake fitowa, iska ta kwashe saura. Ka ɗauki Sholay na 1975. An yi masa kwafi na musamman mai faɗin milimita 70 da sautin sitiriyo, har Indiyawa na labarin yadda ƙarar kwabon da Amitabh Bachchan ke jefawa take faɗuwa kamar a gefen kujerarsu. Mu da muka haddace fim ɗin a kaset, ta baki ɗaya muka ji kwabon.

Da namu finafinan suka fara da Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo suka fito, ana kallo a talbijin mai lasifika ɗaya. Faifan VCD da ya gaje shi hanya biyu kawai yake iya ɗauka. DVD na iya ɗaukar 5.1, amma me za a zuba a ciki? An ɗauki magana da makirfo guda, ko an sake ɗora ta a situdiyo, an lulluɓe da kiɗan fiyano. Ka ga kenan, ko ka jera lasifikokin daidai, magana ɗaya ce ake maimaita maka sau biyar. Laifin ba na mai gidan kallo ba ne shi kaɗai.

Kada ka ce wannan gatan 'yan birni ne. Ka tuna Tungar Daji da Dareta da Bagega a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, saboda duwatsun zinare da ake daka ana niƙa har cikin gidaje. In darakta zai ba da wannan labari, ba sai ya nuna injin niƙa a kowace fitowa ba. Ya bar uwa da ɗanta a kan allo, ƙarar injin tana tasowa ta bayan ɗan kallo ba ta yankewa. Haka nan mutanen yankin da ɓarayin daji suka addaba, sun san abin da ake nufi da jin ƙugin babura da dare kana lissafin ta gabas suke ko ta yamma. Tsoron yana cikin inda ƙarar ta fito ne. Fim ɗin da ya tara komai a baki ɗaya ya zubar da rabin labarin.

Yau galibin masu kallonmu a waya suke kallo, da yawansu da abin ji a kunnuwa biyu. Wallahi wannan dama ce, don kusan abin da Ader ya yi ne a 1881, kuma ba ya buƙatar zaure ko janareto. Abin da ya rage shi ne furodusa ya ware kuɗin mai haɗa sauti kamar yadda yake ware na mai kyamara, a je ƙauye a naɗo kukan tsuntsayensa da dakan matansa daban, a ajiye kowanne a gurbinsa.

Kai kuma mai hom tiyata, don Allah yau ka sauko da biyu daga kan kanta ka kai su bayan kujera, ka saka faifan da aka rubuta wa 5.1, ka rage murya. Daga nan za ka san abin da ya kamata ka nema a wajen 'yan fim ɗinmu. Allah Ya sa su ji.