Zama da Maɗaukin Kanwa: Tarihin Kamfas da Jiragen Ruwan Treichville

Duk wanda ya san Abijan ya san gari ne da ruwa ya raba. Tafkin Ébrié, wanda tsawonsa ya haura kilomita 100, ya ratsa tsakiyar birnin, ya bar Plateau da Adjamé a arewa, Treichville kuwa a kudu, kan tsibirin Petit-Bassam. Hausawan Nijar da na Najeriya mazauna unguwannin nan, daga masu goro da masu tsire har masu sayar da garba, kullum cikin ƙetare ruwan suke, ko ta gada ko ta jirgi. Sai dai ba kowa ke tambayar abin da ke nuna wa matuƙi hanya ba idan ruwan sama ya kece a watan Yuni, ko hazon hunturu ya rufe gaɓa. Wata 'yar na'ura ce da ake kira kamfas, mai nuna arewa. Tarihinta dogo ne, kuma darasinsa ɗaya: mafi yawan lokuta idan kamfas ya yi ƙarya, wani abu ne a cikin jirgin ya sa shi.

Yadda Treichville ta zama tashar jirage

Asalin wurin ƙauyen Anoumabo ne na mutanen Ébrié. A 1934, lokacin da mulkin mallaka ya dawo da hedikwatarsa Abijan daga Bingerville, aka laƙaba wa unguwar sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya ratsa ƙasar har Bondoukou da Kong kafin ya mutu a 1890. A wancan zamani manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa saboda haukan igiyar teku. Sai su tsaya nesa, ƙananan jirage su riƙa jigila zuwa wata doguwar gadar ƙarfe da aka miƙa cikin ruwa, ta Grand-Bassam tun 1901, ta Port-Bouët daga 1931. Fasinja kuwa a cikin kwando ƙugiya ke ɗaga shi.

A 1950 aka gama haƙa mashigin Vridi, mai tsawon kilomita 2.7, wanda ya haɗa teku da tafki, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. Daga nan garin ya bunƙasa, 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa ta mota da ta jirgin ƙasan da ake kira Abidjan-Niger, wanda ya isa Wagadugu a 1954 amma bai taɓa kai wa Nijar ɗin ba. Kamfanin SOTRA, da aka kafa a 1960, ya fara jigilar mutane ta ruwa a 1980, ga kuma kwale-kwalen katako masu inji da ake ce wa pinasse. Kifin tuna da mai garba ke soyawa ya haɗa da attiéké ma daga tashar masunta ta nan yake fitowa. Ashe ko wanda bai taɓa hawa ruwa ba, abincinsa na rataye da jirgin da ya gane bakin Vridi.

Kakanninmu fatake da suka yi ta zuwa Gwanja da Bondoukou neman goro ba su buƙaci allura ba. Suna da madugu da jagaba, suna da taurari irin su Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, ga ƙauyuka a hanya, matambayi kuma ba ya ɓata. A tsakiyar ruwa fa, cikin duhu da hadari, wa za a tambaya?

Daga allura zuwa jirgin ƙarfe

Masanin ƙasar Sin, Shen Kuo, ya rubuta a 1088 cewa allurar da aka goga wa mayen ƙarfe tana nuna kudu, har ya lura ba daidai-wa-daida take nunawa ba, tana ɗan karkacewa. Wani malami a Alƙahira, Baylak al-Ƙibjaƙi, ya ba da labarin tafiyar da ya yi daga Tarabulus ta Sham zuwa Iskandariyya wajajen 1242, inda ya ga matuƙa suna ɗora allura a kan ruwa cikin ƙwarya idan dare ya ɓoye taurari. A ƙarshen wannan ƙarni Sarkin Yaman, al-Ashraf Umar bin Yusuf, ya bayyana yadda ake gano alƙibla da ita.

Muddin jirage na katako ne, allura ba ta cika ba da wahala ba. Amma bindigogi da ƙusoshi da anga duk ƙarfe ne. Matthew Flinders, wanda ya kewaya Ostireliya daga 1801 zuwa 1803, ya lura cewa kuskuren kamfas ɗinsa yana sauyawa duk lokacin da jirgin ya juya gaba, ya gane ƙarfen cikin jirgin ne ke jan allurar. Da aka fara ƙera jirage da ƙarfe zalla sai abin ya ta'azzara. George Airy, babban masanin taurari na Ingila, ya yi gwaje-gwaje a 1838, ya nuna ana iya dasa mayen ƙarfe kusa da kamfas don ya soke jan da jikin jirgi ke yi.

Ba kowa ya ɗauki darasin da wuri ba. A Janairun 1854 sabon jirgin ƙarfe mai suna Tayleur ya bar Liverpool zuwa Melbourne da mutum fiye da 600. Matuƙansa sun ɗauka kudu suka nufa, alhali yamma suke yi. Bayan kwana biyu suka afka wa duwatsun tsibirin Lambay kusa da Dublin, mutum kimanin 300 ko fiye suka halaka. Bincike ya ɗora laifi, tare da wasu kurakurai, kan kamfas da ba a daidaita da jikin jirgin ba. Daga baya, a shekarun 1870, William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya inganta mazaunin kamfas mai dunƙulallun ƙarfe biyu dama da hagu, irin wanda ake gani a manyan jirage har gobe.

Kamfas mai aiki da lantarki

A 1936 wasu masana biyu a Jamus, Aschenbrenner da Goubau, suka ƙirƙiro na'urar auna maganaɗisu da ba ta da allura. Waya ce ake naɗewa a jikin wani zoben ƙarfe mai laushi, a sakar mata lantarki mai kai-komo. Maganaɗisun ƙasa yakan rinjayar da lantarkin zuwa gefe guda, daga yawan rinjayen kuma ake lissafa inda arewa take. An yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu wajen farautar jiragen ƙarƙashin teku, daga baya ta zama kamfas ɗin ƙananan jirage masu inji. Na'urar mai jin arewa tana ɓoye a wani lungu na jirgi, waya ta kai saƙo ga allon da ke gaban matuƙi, wani lokaci har ga injin da ke riƙe sitiyari da kansa. 'Yar uwarta ce ke cikin wayarka, mai karatu, wadda ke sa ka riƙa juya hannu kamar kana zana lamba 8 kafin ta nuna maka alƙibla.

Allura ta tafi, ciwon Flinders yana nan. Hasali ma ya ƙaru, domin ita allura a fili take, kowa na ganin abin da aka ajiye kusa da ita, wannan kuwa tana bayan allo, inda yaron jirgi ke iya jingina mata akwatin sufana ko lasifika mai mayen ƙarfe a ciki. Lamba a allo kuma tana da kwarjini, mutum ba ya saurin zarginta.

Lissafin ba shi da wuya. Kuskuren digiri 5 a tafiyar kilomita 12 yana kauce da jirgi wajen kilomita 1 daga inda ya nufa. Faɗin mashigin Vridi bai kai rabin haka ba, ga duwatsu a bakinsa, ga ruwa mai ƙarfin ja.

Yadda masu sana'ar ke bin sawun matsala

Gogaggen makanike yakan fara da duba irin ƙaryar da kamfas ke yi, domin kowace ƙarya da mahaifinta. Idan allon ya mutu ko lamba ta daskare, batir da fiyus da mahaɗar waya ake fara dubawa, saboda iskar gishiri tana cin su da tsatsa. Idan lamba ta yi tsalle daidai lokacin da aka kunna fitila ko famfo ko rediyo, to wata waya ce mai ɗauke da lantarki ta bi kusa da na'urar, domin duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana haifar da nata maganaɗisu. Idan kuskuren iri ɗaya ne ko ina aka fuskanta, na'urar ce aka ɗaura a karkace, ba ta kallon goshin jirgi sosai, ko kuma ba a saita bambancin arewar maganaɗisu da arewar taswira ba, wanda a Abijan 'yan digirori ne zuwa yamma, yana kuma sauyawa a hankali da shekaru. Idan kuwa kuskuren yana ƙaruwa a wata fuska yana raguwa a wata, wannan shi ne abin da Flinders ya gani: ƙarfe ko mayen ƙarfe na kusa. A nan ake tambayar abin da ya sauya kwanan nan, sabon inji ne, walda aka yi, ko kaya aka loda. Idan lamba na rawa ne kawai sa'ad da jirgi ya ɗaga goshi da gudu, mai yiwuwa an ɗora na'urar can sama ko can gaba, maimakon ƙasa-ƙasa kusa da tsakiya inda jijjiga ta fi sauƙi.

Bayan an kawar da musabbabi sai a sake koya wa na'urar jirginta. Ana fita ruwa mai natsuwa, nesa da gadoji da manyan jiragen kwantena, a zagaya a hankali sau biyu ko uku, ta auna jan ƙarfen jirgi ta kowace fuska ta cire shi daga lissafi. Daga nan a gwada ta da shaida: a jera alamomi biyu na tudu da taswira ta san layinsu, ko a kwatanta da ƙaramin kamfas na hannu. Na'urar GPS tana taimakawa, amma a tuna hanyar da jirgi ya bi take faɗa, ba inda goshinsa ke kallo ba. In ruwa ko iska na tura jirgi gefe, biyun za su saɓa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka kamfas yake tun daga allurar ƙwarya har zuwa ta lantarki, halin maƙwabcinsa yake ɗauka. Shi ya sa dokokin teku har yau suke wajabta wa manyan jirage ajiye kamfas mai allura, wanda ba ruwansa da batir, komai tsadar na'urorin da ke gabansu. Mai ƙaramin jirgi a Treichville da ke fita da fasinja ko da masunta ya fi kowa buƙatar wannan shaida ta biyu, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka gwada da ran mutum ɗaya. Allah Ya kiyaye matafiya, na tudu da na ruwa.